Ranar da Yaya Sa'ida ta Haska Irin Inna

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Galadima, in ka ce masa kindirmo, lungunmu zai nuna maka. Ba fariya nake ba, je ka tambaya. Yayata Sa'ida ta haura shekara arba'in tana wannan sana'a a gidan da aka haife mu, ba ta taɓa ɗora ƙwarya a ka ta fita talla ba. Matan ruga su kawo mata madara da sassafe, ta tace, ta tafasa, ta bari ta huce, ta zuba iri ta rufe da faifai. Kashegari kafin hantsi ya dubi ludayi, an yi layi a zaure da kwanoni.

Ni ce Jamilatu, ƙanwarta. Malamar firamare ce ni, na yi ritaya, bakina ne dai ya ƙi yi.

Sai na tsaya na yi bayanin iri, don a kansa duk wannan labari ya rataya. Madara ba ta yin barci da kanta ta zama kindirmo mai kyau. Sai an ɗebi ludayi guda daga na jiya an zuba a ta yau. Na jiyan ma daga na shekaranjiya ya samo. Haka za ka bi shi baya baya, har ka kai ga mahaifiyarmu Inna, Bafulatanar da ta shigo birni amarya da 'yar ƙwarya ƙulle a tsumma. Abin da uwarta ta ba ta ke nan. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, Yaya ta kira, ta damƙa mata ƙwaryar, ta ce kada ta bari irin da ke ciki ya mutu. Tun daga ranar, ko biki ko rasuwa, ko zazzaɓi na kaɗa ta, sai Yaya ta tafasa madara ko kofi ɗaya ne. Da za ta tafi Makka kuwa, 'yarta ta zaunar ta yi mata karatun sati biyu, har da rantsuwa.

Ga rowar tsiya. Kindirmo dai za ta cika maka kwano kyauta, amma kafin ya bar hannunta sai ya sha gargaɗi: na sha ne, ba na iri ba, wanda ya kafa madara da shi Allah ya isa. Unguwa kuwa ana tsoron bakinta, ba mai gwadawa. Ni da muka fito ciki ɗaya na taɓa roƙon ta ludayi guda, lokacin ina sabuwar amarya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar boko, da alli za ki ciyar da shi?" Shekara talatin da bakwai ke nan, ban manta ba, ban kuma ce na yafe ba.

To, damina biyu da suka wuce sai jikarta Batul, 'yar shekara shida, ta kwanta. Gudawa da zazzaɓi. Aka ba ta maganin da aka saba, shiru. Aka canza, shiru. Aka kai ta asibiti aka sake wani, yarinya sai zubewa take, idanu sun faɗa. Sai a magani na huɗu, na allura, Allah ya kawo sauƙi. Likita ya ce ƙwayar cutar da ta kama ta irin masu taurin kan nan ce da ba sa jin magani, ya kuma tambayi abin da yarinyar ta fi ci. Batul ba ta da abinci sai fura da kindirmon kakarta.

Ni ce na kawo Elisabatu gidan, kuma na sha zagi a kan haka. 'Yar Wusasa ce, uwarta abokiyar aikina ce shekara ashirin, a gabana aka yi goyonta. Yanzu ta zama mai binciken ƙwayoyin cuta, aikinta kuma a kan nono ne da cuku da dangoginsu. Ta zo da 'yar jakar ƙanƙara da kwalabe, ta durƙusa ta gaida Yaya har ƙasa.

"Mama, ɗan kaɗan zan ɗiba in duba."

"Ki duba me? Alƙalai sun sha kindirmon nan, malamai sun sha, uwarki ma ta sha tana da cikinki. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mama. Ni ma fatana in duba in ce ba komai."

Yaya ta harare ni, harara irin ta za mu gamu. Amma ta miƙa ludayi.

Bayan kwana tara Elisabatu ta dawo, tun daga sallamarta na san ba daɗi. Ta ce ta samu. Ƙwaya ce dangin wadda ta kwantar da Batul, kuma ta gwada mata magunguna iri iri tana kallon su kamar ba ita ba. Yaya ta ce ai tana tafasa madara sai ta yi bori sau uku. Elisabatu ta ce tafasar ba ta da laifi, bayan tafasar ne ake samun matsala. Ƙwayar ta samu wurin zama a tsagin tsofaffin ƙore, ta kuma shiga cikin irin, kullum sai ta bi ludayi ta koma sabuwar madara. Taurin kan kuma, ta ce, yawanci daga yawan ɗura magani barkatai ne, ga mutane da shanu, ba awo ba ƙa'ida. Nan na gane, don na yi shekara talatin da biyar a aji. Yaron da aka cika duka, wata rana bulala ba ta ce masa komai.

Yaya ba ta yi musu ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta tashi ta leƙa zaure, ta ce wa masu layi su yi haƙuri, babu, kuma ba ranar samu. Wani tsoho ya ce ko na jiya ne a ba shi. Ta ce, "Malam, na kusa kashe jikata da hannuna, ba zan ƙara da kai ba." Daga ranar ta daina sayarwa. Sai 'yar ƙwarya ɗaya take kafawa kullum don iri kada ya mutu, ta ɗebi ludayinta, sauran ta tona rami ta binne. Na tausaya mata ƙwarai. Mace mai faɗa kamar zakara ta koma magana ciki ciki.

Ana nan sai ga Elisabatu wata safiya, fuska kamar an yi mata albishir da kujerar Makka, ko da yake ita ba can ta nufa ba.

"Mama, akwai abin da muke gwadawa. Kin san hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti?"

"Na sani, an yi mini a gwiwa."

"To akwai wansa, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana rufe abinci a kwalba, a sa shi a gaban hasken na ɗan lokaci. Ya ratsa kwalbar, ya ratsa nonon, duk wani abu mai rai da ke ciki ya gama da shi. Ba ruwansa da wai wannan tana jin magani, wannan ba ta ji."

"A tafasa shi ke nan."

"Ba tafasa, Mama. Da sanyinsa zai shiga, da sanyinsa zai fito. Ko murfin ba a buɗewa."

Yaya ta gyara zama. Rabon da in ga idonta ya yi wannan ƙyalli tun kafin ciwon Batul. "Wuta ce da ba ta ƙuna?"

"Kusan haka."

"Ikon Allah! Ke Jamila, kina ji? Ku kuna can kuna koya wa yara a ba ca, ga inda boko yake!"

Aka fara. Elisabatu ta kawo kwalabe shida, Yaya ta cika su daga 'yar ƙwaryarta, aka jera a jakar ƙanƙara aka tafi da su can inda na'urar take, tafiyar yini guda. Bayan kwana biyu uku daga cikinsu su dawo gidanmu, don a cikin binciken har da ɗanɗano, kuma Elisabatu ta ce duk ɗakin gwajinsu ba mai harshen Mama. Kai, wannan magana ta yi wa Yaya daɗi! Zuwan farko ta ɗanɗana ta tofar, ta ce yana warin gashi da ya ƙone, a gaya wa masu wutar su rage hannu. Elisabatu ta rubuta. Aka rage. Zuwa na biyu ta ce da sauƙi, amma man ya canza. Aka sake ragewa, aka ƙara ƙanƙara. Zuwa na uku ta juya shi a baki, ta haɗiye, ta ce, "Wannan nawa ne."

A ranar ce Elisabatu ta zaro wasu fayafayan roba guda biyu, a rufe ruf, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce a nan suke shuka ƙwayoyi su ga ko za su tsiro. Na farko na kindirmon da ba a haska ba ne: ɗige ɗige ya cika shi kamar an watsa gero. Na biyu na wanda aka haska: fes, ko ɗigo ɗaya babu.

Jama'a, Yaya Sa'ida, mai shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa, ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa. Kaji suka watse. Maƙwabta suka shigo da gudu ba mayafi suna tambayar wa ya haihu. Ta ɗaga faifan nan sama tana zagaya tsakar gida. "Ku duba! Wadda ta gagari magani uku, ga ta nan an share ta ba ko hayaƙi! Lisabatu, Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki miji mai haƙuri irin na uwarki!"

Wata maƙwabciya ta ja baya ta ce ita ta ji ana cewa irin wannan haske guba ne, wanda ya sha cikinsa zai riƙa walƙiya. Elisabatu ta yi dariya ta ce hasken wucewa yake, ba ya zama a cikin abinci, kamar yadda wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ba ya komawa gida da hasken a jiki. Ta buɗe kwalba ta shanye a gabansu. Yaya ta ce, "To ku zauna ku jira ta kama da wuta." Sati guda ba a yi wata hira a lungunmu ba sai ta wutar da ba ta ƙuna. Har wanmu Malam Sharfaddeen, da idonsa ya tafi shekara goma, almajiransa manya suna ɗaukar karatu a zaure, sai da ya tsayar da darasi ya ce a sake masa bayanin. Elisabatu dai tana ta nanata cewa gwaji ne tukuna, ba a kai ga na sayarwa ba. Wa ya saurare ta?

Yanzu ga inda aka yi ta. Elisabatu ta ce hasken yana kashe duk mai rai da ke cikin kwalba. Ina zaune ta faɗa, da kunnena na ji. Ita a wajenta, ko ɗan aji ɗaya a fanninsu ya san iri ƙwayoyi ne masu rai, na kirki, su ne ke sa madara barci. Ba ta ga abin faɗa a nan ba. Yaya kuwa, in ka ce mata akwai ƙwaya a irin Inna, ka zage ta. A wajenta iri albarka ce, hannun uwa ne da ya bi ludayi. Ƙwaya ita ce baƙuwar da ta shigo ta ɓata. Ina ruwan haske da albarka? Ni kuma mai takardar shaidar malanta ina tsakaninsu kamar turmi, ban haɗa wannan da wancan ba.

Sai Yaya ta yi lissafinta ita kaɗai: tunda ɓarnar a cikin iri take, me ya sa ake ta wanke rassa a bar saiwa? Da aka kawo kwalabe karo na huɗu, ta juye 'yar ƙwaryar nan kaf a ciki. Ba ta rage ludayin gobe ba, karo na farko a shekara arba'in da 'yan kai. Ba ta gaya wa kowa ba, wai so take ta ba mu mamaki. Tsofaffin ƙoren duka ta fasa su ta cusa a murhu, ta aika kasuwa aka sayo sababbi dal, ta ƙona su da tafasasshen ruwa ta kife a rana. Ta Inna kaɗai ta bari, ita ma sai da ta dafa ta a tukunya kamar ganda. Kwana biyun nan tana ta waƙe waƙe, ni har na fara zargin ko wani tsoho ne ya aiko.

Kwalabe suka dawo ranar Laraba. Ta sa aka kawo mata madara tulu guda, ta tafasa, ta raba ƙore biyar, ta zuba irinta da aka haska da bisimilla. Ta aika gida gida cewa gobe a zo a ga kindirmon Inna ya yi wanka.

Da safe tsakar gida ta cika. Yaya ta sha sabon atamfa. Ta ɗaga faifan farko.

Ruwa. Madara tsararo, ko alamar barci babu, sai wani ɗan ƙanshi marar daɗi. Ta ɗaga na biyu, haka. Na biyar ma haka. Ta ce sanyin damina ne, a dawo gobe. Ta sake tafasa wata, ta zuba kwalba ta biyu, ta lulluɓe da bargo. Gobe ta yi, madara ta tsinke ta yi wari, ba kindirmo ba dalilinsa. Rana ta uku ba ta gayyaci kowa ba. Na shigo na same ta zaune a ƙasa, ƙwaryar Inna a cinyarta, kwalba ta ƙarshe a gefe ba komai a ciki.

"Jamila," ta ce, "na kashe shi."

Ta gaya mini abin da ta yi. Na buɗe baki zan ce da kin ba ni ludayi guda a wancan lokaci, da yanzu sai mu aika gidana. Maganar ta zo har leɓe. Na dubi fuskarta na haɗiye, kuma ina so a rubuta mini ladan wannan haɗiya, don ba ƙaramin jihadi ba ne. Duk faɗin birnin Zazzau babu gida ɗaya da ke da irin Inna, ita da kanta ta tabbatar da haka. Ana iya sayo nono a bakin kasuwa a kafa da shi, madara za ta yi barci. Amma ya zama na wata.

Na kira Elisabatu a waya. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta iso a kan acaɓa, da farar rigar aikinta. Da ta ji bayani ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Mama! Ai irin ma rai gare shi! Ƙwayoyi ne, na alheri. Hasken ba ya tambayar wace ce ta gida, wace ce baƙuwa."

"Rai?" Yaya ta ɗago. "Kina nufin abin nan da nake ba madara kullum, ci yake yi?"

"Ci yake, Mama. Kiwo kike yi shekara arba'in."

Yaya ta rufe fuska da mayafi. "Ashe dabbobin Inna na kai mahauta."

Elisabatu ta durƙusa tana ba ta haƙuri, tana cewa laifinta ne da ba ta yi bayani ba. Sai ta tsaya cak a tsakiyar magana. Ta miƙe. Ta sake durƙusawa. Na ce yarinyar nan ko aljanu ne?

"Mama! Ludayin farko! Wanda kika ba ni kina hararar Anti!"

Ashe a ranar farkon nan, kafin ta kai ga mai taurin kai, sai da ta shuka duk abin da ke cikin ludayin, ta ware su ɗaya bayan ɗaya, kowace da gidanta. Mugayen ta yi aikinta a kansu. Na kirkin, iri biyar, ta zuba a 'yan ƙananan kwalabe ta jefa can ƙasan firiza mai tsananin sanyi, don haka ƙa'idar aikinsu take, ba a zubarwa. Wata biyar suna can suna barci.

Yaya ta cafke hannunta. "Suna nan? Da ransu?"

"In Allah ya so. Amma Mama, kar in yi miki ƙarya. Na san su biyar ne, ban san yadda Inna ta haɗa su ba, wace ta fi yawa, wace kaɗan. Wataƙila ma akwai wadda ba ta tsiro mini ba. Zan iya tashe su, in tabbatar da tsabtarsu. Haɗin kuwa, sai harshenki."

"Tashi," in ji Yaya. "Me kike jira? Jamila, ba ta kuɗin acaɓa!"

Sati uku gidanmu ya koma ɗakin gwaji. Kowace safiya ƙananan ƙore biyar a jere, kowace Elisabatu ta manna mata lamba. Yaya ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta kurkure baki, ta bi su ɗaya ɗaya. "Wannan tsami kamar tsamiya, kai shi can. Wannan yauƙi, kuɓewa muke yi? Wannan lami. Wannan... ƙara masa ta ukun nan kaɗan, mai ƙanshin." Elisabatu na ta rubutu. Ta ce abin da na'urarsu ke kwana biyu tana nema, Mama na faɗa kafin ta haɗiye. Faɗan Yaya ya dawo gaba ɗaya, har ni na samu rabona, na kuwa ji daɗinsa. Ranar goma sha tara ta ɗanɗana ƙwarya mai lamba huɗu, ta ajiye ludayi a hankali. Ta ce ita ba za ta yanke hukunci ba, don son abin ya yi mata yawa, harshenta zai iya yi mata ƙarya. A kai wa wanmu Malam.

Malam Sharfaddeen ya girme mu duka, ya sha kindirmon Inna tun daga hannun Inna. Muka same shi a zaure da hantsi, ya sallami masu karatu. Ni kuma shaiɗan ya raya mini, na ɓoye ɗan nonon kasuwa a kofi, na fara miƙa masa shi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Jamilatu, idona ne ya tafi, ba bakina ba. Wa kike raina wa hankali?"

Yaya ta make ni a kafaɗa, ta karɓi ludayi ta ɗebo daga lamba huɗu, ta sa masa a hannu. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Sai muka ga hawaye na bin gemunsa.

"Saman nan mai maiƙo," ya ce, "shi take kwashe mini in na dawo daga makarantar allo. Ta ce kar in gaya wa Baba." Ya miƙo ludayin. "Sa'ida, ƙaro."

Wannan karon Yaya ba ta yi guɗa ba. Ni ce na yi, kuma ban san na iya ba.

Ba a buɗe zaure ba sai da Elisabatu ta shuka sabon kindirmon sau uku, sau ukun ba ta ga baƙuwar ba. Aka sa dokoki: ƙwarya ta tsage a fasa ta, ruwan wanki sai tafasasshe, kuma matan ruga su daina kawo madarar saniyar da ke kan magani. Binciken haske yana nan ana yi, har an koma kan cuku, kuma har gobe Yaya ce mai ɗanɗano. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin wutar da ba ta ƙuna, da hannu da ƙafa, kamar ita ta ƙera ta. Sai dai kullum da abin da take rufewa: a haska na sha, ba a haska iri.

Ranar da aka buɗe, kwanon farko Batul aka ba. Yaya ta tsaya a kanta har ta shanye ta lashe ludayi.

Da layi ya watse, na ɗauki mayafina zan tafi, sai ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yan ƙore biyu sababbi, kowace ƙulle a farin tsumma. Ta miƙa wa Elisabatu ɗaya.

"Ki kai Wusasa. Ba firiza na ce ba, uwarki za ki ba, ta kafa."

Ta juyo gare ni da ɗayar. Na ƙi miƙa hannu.

"Da alli zan ciyar da shi?" na ce.

"Ke dai ba kya mantuwa, baƙar zuciya." Ta kamo hannuna ta ɗora mini, ta haɗa da nata ta riƙe. Muryarta ta sauka. "Inna ta ce kada in bari ya mutu. Ni na ɗauka cewa ta yi in hana kowa. Karɓi, Jamila. In nawa ya sake tafiya, gidanki zan aiko."

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Ni da na yi ritaya don in huta, kullum ina tsugune gaban murhu ina jiran madara ta yi bori sau uku. Bikin 'yar ƙawata a Kaduna ma yini na yi na dawo, ana ta ce mini in kwana. Na ce ba zan iya ba, na bar dabbobin Inna a gida ba mai ba su abinci.